Bishiyar Ceri a Bakin Ƙofarka

Zuwa ga Yaya Fatihu, Injiniyana, hasken idona, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, inuwar maina da tsakar rana, ruwan randa a bakin mai azumi, farin watan da nake leƙe ta tsakanin dogayen benayen garin nan, kai da sunanka kaɗai in ya haska a gilashin wayata sai in nemi numfashina in rasa!

Assalamu alaikum. Gaisuwa nake aiko maka wadda ta fi furannin bakin ruwan Washington yawa, har da waɗanda iska ta kakkaɓe, har da waɗanda masu shara suka kwashe. Ya aiki? Ya gosulon babban titin 270? Ya shirin tarbar Hajiya? Allah ya sauke jirginta lafiya, ya sa a dace da aikin idon nan da za a yi mata, amin.

Kar ka tsorata da abin da ka tarar a bakin ƙofarka. Bishiya ce kawai, 'yar ƙaramar ceri a tukunyar roba, kuma daga gare ni take. Kaneng ce ta yi alkawarin kawo mu a motarta lokacin kana ofis, ƙawar nan tawa 'yar Jos da muke gadi tare. Tun jiya da muka ɗauko bishiyar daga shago, rassa na leƙe ta taga, ni kuma ina rungume da tukunya kamar mai jego, take min tsiya. Wai ta ga masu kai wa saurayi turare, ta ga masu kai agogo, amma ba ta taɓa ganin wadda ta kai daji ba sai ni. Bar ta ta yi dariyarta. Kai dai ka shiga ciki, ka cire takalmi, ka zauna ka karanta har ƙarshe. Don Allah kar ka tsallake kamar yadda kake tsallake saƙon muryata in ya yi tsawo. Eh, na sani!

Ka yi haƙuri da rubutun nan, layi na hawa layi na gangarawa kamar titin unguwarmu a Tudun Wada. Rabona da riƙe biro da gaske tun da na bar sakandare, yatsuna gilashi suka sani. Amma da a waya zan rubuta, wallahi da ba abin da zai iso maka. In rubuta in goge, in rubuta in goge, in na daure na tura kuma in zauna gadin tik biyu ko sun yi shuɗi, in ga alamar kana rubutu ta fito ta ɓace, ta fito ta ɓace, zuciyata na bin ta kamar ɗan tsako. Takarda ba ta da tik, shi ya sa na zaɓe ta. Wani wurin a jirgin ƙasa na rubuta, wani a ɗakin cin abincin ma'aikata, wani a baranda, don na kasa zama wuri ɗaya, Yaya. Kwanakin nan ko kujera ba ta riƙe ni.

Ka tuna ranar? Ni ko ɗigon ruwa ɗaya ban manta ba. Bara war haka, gari ya cika maƙil da masu kallon furen ceri, kowa da waya a sama kamar masu roƙon ruwa, sai ga ruwan kuwa ya ɓalle! Mutane suka yi ta kwararowa gidan tarihinmu, ba don son tarihi ba, don neman mafaka. Ina tsaye a ɗakin zanen Japan, ɗakin nan mai duhu-duhu, cikin yunifom ɗin da ya yi min yawa, ƙafafuna na zogi, wayata na kulle a loka tana kewata ina kewarta. Sai ka shigo jiƙe sharkaf, furanni manne a kafaɗarka kamar an watsa maka su da gangan. Ka matsa jikin gilashi fiye da ƙa'ida. Na ce ka ja baya da Turancina na mai gadi, sannan can ƙasan maƙoshi na ce kai, wannan da taurin kai yake. Ka juyo. Wayyo ni Najiba! Da Hausarka ta Kano mai santsi ka ce wai a yi haƙuri ranki ya daɗe, mai taurin kai ya ji. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa sai murmushi kake, irin murmushin nan naka da ke farawa daga ido kafin ya iso baki.

Daga nan ka nuna min zanen da kake kallo, ka ce matar ta yi kama da ni, musamman yadda take kallo ta gefen ido kamar mai riƙe da wata magana. A ranar na fara kallonta da gaske, don ni aikina kallon hannuwan mutane ne, ba kallon bango ba. Doguwar mace a kan siliki, kaya hawa-hawa, ja a kan fari a kan baƙi, tsuntsaye na tashi a jikin rigarta. Tsinkaye sun fito daga gashinta ta ko'ina kamar rana ta ɓullo mata a ka. Ƙatuwar ɗamara ɗaure ta gaba kamar an ɗora mata filo. Takalman katako dogaye kamar ta hau turmi. Namiji a baya riƙe mata da lema, 'yan mata biyu ƙanana a gefenta da kaya iri ɗaya, a sama kuma rassan ceri sun sunkuyo suna zubo mata fure.

To kai ka faɗa min tsakaninka da Allah, wace 'yar Kaduna ce za ta ga wannan ba ta ce kai amarya ake yi ba? Ga anko, ga lema, ga tafiya ɗai-ɗai, ga kwalliyar da mutum ba ya yin ta sai rana ɗaya a duniya! Ɗan allon bayanin da ke gefe kuwa ban taɓa shiga harkarsa ba, rubutu ƙanana, kalmomi dogaye kamar jirgin ƙasa. Na ce a raina, wannan bawan Allah daga haɗuwa ya nuna min amarya ya ce ni ce. Ina kuma neman wane bayani? Da ka sayo min katin hoton a shagon ƙasa ka rubuta lambarka a baya, wallahi a zuciyata an riga an shafa fatiha. A jirgin komawa gida Laurel ranar ina ta yi wa taga murmushi har wata tsohuwa ta canja kujera.

Ka san sauran, amma bari in tuna maka don ka ji nauyinsa. Na mai da ita hoton Wasap ɗina. Na canja sunana a Tiktok ya koma Amaryar Japan. Na kai wa telan nan ɗan Senegal atamfata mafi kyau na ce ya yi min ɗinki mai faɗin hannu da ɗamara ta gaba, sak irin tata. Na tsittsira tsinkayen cin abincin 'yan Caina a ɗankwali, na tsaya ƙarƙashin bishiya na yi bidiyo ina tafiya ɗai-ɗai. Layik kamar ruwan sama! 'Yan uwana na Kaduna, ƙawayen makaranta, har mutanen da ban sani ba, kowa na cewa yaushe ne bikin. Kowa ya yi kwament ban da kai. Kai sai ta bayan gida ka turo min zuciya ja guda ɗaya. Na ce kunya ce, ɗan gidan mutunci ne. Kuma ka san abin da ban faɗa maka ba? Kayan nan na wanke na goge na rataye su ne musamman don ranar da zan je gaishe da Hajiya. Kai, Allah mai rufin asiri!

Ba zan yi butulci ba, masoyina. Shekarar nan da ta wuce ita ce mafi zaƙi a rayuwata, kamar mangwaron da ya nuna a kan uwarsa. Wa ya taso daga unguwarsa Germantown cikin ƙanƙara ya kawo min farfesu da mura ta kwantar da ni? Wa ya koya min tuƙi a filin ajiye motoci, ina taka birki kamar mai kashe kunama, bai taɓa ɗaga min murya ba? Wa yake gyara min Turanci a hankali ba tare da ya sa na ji ni ƙarama ba? Kai ne, sanyin idona, kai ne raɓar safiyata, kai ne rigar sanyina a ƙasar da ba ta san sunana ba. Kafin ka zo, garin nan a wurina benaye ne da jirage da agogo. Da ka zo har tantabarun tasha sai da suka yi min kyau.

Amma akwai abubuwan da na gani na kau da kai, yanzu sun dawo suna min zarya a ka. Duk inda ka kai ni, wurin da babu Bahaushe ne. Taron Sallah na mutanenmu ka ce kana da aiki, daga baya na gan ka a bidiyon wani kana cin nama. Ranar da muka yi kiciɓis da abokinka likita a shagon naman halal, ka ce masa wata ƙanwarmu ce. Wata ƙanwarmu! Na yi dariya a lokacin, na gaishe shi har da rusunawa, amma maganar ta zauna min a ƙirji kamar ƙayar kifi. Anti Furera, ƙanwar mamana da ta riƙe ni a gidanta tun zuwana ƙasar nan, kullum tambayarta ɗaya ce, yaushe yaron nan zai turo manya. Ni kuma kullum amsata ɗaya, sai Hajiyarsa ta zo. To ga Hajiya nan tafe.

Yanzu ka saurari abin da ya faru. Ka san zanen nan ba sa daɗewa a bango, wai haske na cinye musu launi, sai a naɗe su a kai su ɗaki mai duhu su huta. Da aka cire tawa bara har cewa na yi amarya ta shiga lalle. Bana da furanni suka kusa buɗewa sai aka fito da ita, ita da 'yan uwanta da yawa, ɗaki guda cur, aka kuma sa ni gadi a nan. Murna kamar an dawo min da 'yar uwa daga tafiya! Akwai wata tsohuwa baƙar fata, Mama Constance, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana zagayawa da baƙi tana musu bayani don sa kai, kullum sai ta ɗan matsa min minti a hannu. Na ji tana ta maimaita wata kalma a gaban zanena, baƙin na gyaɗa kai suna ɗan taɓe baki. Da aka ba ni hutu na ɗauko waya da gudu, na nuna mata bidiyona cike da alfahari, na ce kin ga nima na yi shigar amaryar. Ta kalla. Ta cire tabarau. Ta kama hannuna ta zaunar da ni a benci kamar wadda za a yi wa ta'aziyya.

Ba amarya ba ce, Yaya Fatihu. Karuwa ce. Ga shi na rubuta. Babbar karuwa, ta masu hali, daga wata unguwa da ake kira Yoshiwara a tsohon birnin Tokyo, unguwar da aka kewaye da rami mai ruwa, ƙofa ɗaya ta shiga da fita. Tun suna ƙanana ake kawo su daga gidajen da yunwa ta yi wa yawa, a koya musu rubutu da kiɗa da waƙa da yadda ake zuba shayi, a lulluɓe su da siliki. A irin zanen nan, ɗamarar gaba da tarin tsinkayen su ne alamar. 'Yan matan da na ce 'yan anko ne, masu koyon aikin ne, su ma hanyar za su bi. Tafiyar kuma ba gidan miji za ta ba, baƙo za ta je tarba. Amarya sau ɗaya ake kai ta, ta zauna. Wannan kullum ana kai ta, kullum ana dawo da ita, ba ta taɓa isa ko'ina ba. Ranar a jirgi na duƙufa a Gugul, daga wannan bidiyo in faɗa wancan, ina fatan in samu wanda zai ce tsohuwa ta yi kuskure. Ban ɗago ba sai da na ga mun wuce Laurel mun nufi Baltimore.

Kunyar ɗinkin nan zan iya haɗiye ta, na ma fara yi wa kaina dariya. Abin da ya hana ni sukuni, bishiyoyin ne. Mama Constance ta ce ceri ɗin da ke babban titin unguwar ba 'yan wurin ba ne. Duk shekara in fure ya kusa buɗewa sai a tono su daga wani wuri a kawo, a daddasa a tsakiyar titi, a yi musu shingen gora, a kunna fitilun takarda. Maza su yi ta tururuwa, su kalli fure su kalli mata, su kalli mata su kalli fure. Ranar da furen ya gama zuba, sai a zo a tumɓuke su a fitar, titi ya koma fayau kamar ba a taɓa yi ba. Baɗi a kawo wasu. Shi ya sa masu zane suke son tsayar da matan ƙarƙashin furen, wai su biyun abu ɗaya suke faɗa: kalle ni yanzu, gobe ba ni. Innalillahi! Ashe abin da na ɗora a fuskar wayata shekara guda ke nan? Ashe abin da na yi ta tafiya ɗai-ɗai a kansa ke nan?

Kuma a makon nan dai, a makon nan fa, saƙon muryarka ya shigo. Da muryar nan taka mai laushi kamar auduga, wai Hajiya za ta ɗan jima saboda aikin idon, wai in ɗan rage kira, wai kar in zo ɓangaren Germantown, wai in cire hoton da muka ɗauka a bakin ruwa, hoton da hannunka kawai ya fito da agogo, kar surutu ya riga ka isa wurinta. Wai sai lokaci ya yi. Na saurara a tsaye, na saurara a zaune, na saurara da sauri, na sa a kunne ɗaya na mayar ɗaya kunnen ko zai canja. Kalmominka duk masu daɗi ne, amma ni ƙarar shebur nake ji a ƙarƙashinsu. Fure ya zuba, an zo kwashe bishiya.

Ga tambayar da ke zagaya ni kamar sauro. Ranar farko, me ya sa ka matsa jikin gilashin har na yi maka magana? Allon bayanin kake karantawa! Na gan ka, ka sunkuya, leɓenka na motsi. Kai Turanci ba ya yi maka gardama. To ka san ko wace ce ita lokacin da ka ce ta yi kama da ni? Ka sani lokacin da na sa wa kaina Amaryar Japan, ka yi shiru ka turo zuciya ja? Ko kunyar faɗa min ka ji? Ko idonta kawai ka gani, sauran bai dame ka ba? Da safe in ce bai sani ba, da rana in ce ya sani, kafin la'asar na yafe maka, kafin magariba na sake kama ka. Haba, wannan wace irin wahala ce, mutum shi ne alƙali shi ne mai ƙara shi ne kuma mai kuka?

Kar ka fahimce ni a karkace, abin ƙaunata. Allah shaida ne ba ka taɓa neman abin da zai zubar min da mutunci ba, ko hannuna ba ka riƙe sai za mu tsallaka titi. Ba wannan nake cewa ba. Cewa nake, ana iya mutunta mace a kuma ajiye ta a tukunya. A fito da ita in gari ya yi daɗi, a mayar in manya sun zo. Yunifom ɗina kake jin kunya? Don yayyenka mata likitoci ne ni kuwa takardar sakandare ma da gyara? Tsoro kake kar Hajiya ta tambayi 'yar wace ce, ka ce 'yar mai gyaran keke a Tudun Wada? Ka faɗa min. Gara ka faɗa ya yi zafi sau ɗaya, da wannan zafin na kullum da ba shi da suna.

Da farko haushin matar nan na ji, na cire hotonta, na ƙi kallon bangon. Amma yini guda fa muke tare a ɗaki ɗaya, ni a tsaye ita a tsaye, ni ba waya ita ba baki. A hankali na koma kallonta. Yanzu in na ga takalman nan tausayin ƙafarta nake ji, don na san tsayuwa. In na ga tsinkayen nan wuyana ke ciwo. Kallon nan na gefen ido da ka ce irin nawa ne, yanzu na gane shi, ƙofa take kallo. Ba na zaginta, wa ya tambaye ta kafin a kawo ta? Amma ita ƙofa ɗaya gare ta kuma ba a hannunta take ba. Ni kuwa duk ƙofofin gidan nan na san su, ni ce ma mai gadinsu. In na zauna a inda ake ɓoye ni, ni na zaunar da kaina. Na mayar da sunana Najiba a ko'ina. Ɗamarar atamfar kuma na farke ta, ita ce wannan da na ɗaure takardar nan da ita a jikin bishiya.

Shekaranjiya da na tashi aiki ƙafata ta ƙi tasha, ta ja ni bakin Tidal Basin, tafkin nan mai bishiyoyin ceri inda ka kai ni bara bayan ruwan nan ya ɗauke. Ba kowa, Yaya! Masu waya a sama duk sun watse, furen ya koma ruwan ƙasa ya taru a bakin kwata. Amma bishiyoyin suna nan. Kore shar, wasu tsofaffi masu ƙusumbi da tabo a jiki, wani dattijo na gyangyaɗi a inuwarsu, agwagi na kai da kawowa. Su ma fa daga Japan ɗin aka kawo kakanninsu, kyauta, sama da shekara ɗari. Iri ɗaya, fure ɗaya, zuba ɗaya da na unguwar can. Bambancin kawai, waɗannan an ba su ƙasa an bar su. Na dafa ɗaya na yi kuka kamar wadda ta ga mamanta, wani mai gudun motsa jiki har ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Shi ne washegari na ja Kaneng shagon masu sayar da shuke-shuke. Akwai masu sauran fure a jere, gwanin kyau, na wuce su na ɗauki wannan da ta riga ta kakkaɓe, ganye kawai. Tsohon da ke shagon ya yi ta nuna min masu furen, na ce a'a baba, wannan nake so. Sai ya zare ta daga tukunyar ya nuna min ƙasanta. Saiwar ta rasa inda za ta, ta yi ta zagaye, ta yi ta zagaye a jikin roba kamar zare. Ya ce in ba a sa ta a ƙasa kafin zafi ya shigo ba, haka za ta ci gaba da zagaye har ta shaƙe kanta. Na ce masa baba, na san wannan zagayen. Mu a Laurel bene muke, baranda kawai gare mu, ko barkono da ƙyar yake yi. Kai kuwa kana da filin bayan gida da kullum kake ƙorafin yanke masa ciyawa.

To ga roƙona, guda ɗaya tak, ya kai zumar zuciyata. Ka dasa ta. Ba a ɓoye ba, da rana tsaka, bayan Hajiya ta iso ta huta, tana zaune tana kallonka ta tagar kicin. Za ta tambaya, uwa ba ta ganin ɗanta da shebur ta yi shiru. In ta ce wa ya ba ka, ka ce Najiba. Ba wata ƙanwarmu ba, ba wata 'yar wurin aiki ba. Najiba, mai gadi a gidan tarihi, wadda nake so. Sannan ka zo ka ɗauke ni in je in gaishe ta. Atamfa zan sa mai ɗinkin mutane, da mayafi, ba tsinke ko ɗaya a kaina, na rantse! In durƙusa har ƙasa, in kai mata dambun naman da ko Anti Furera ta sallama min a kansa, in zuba mata maganin ido in ta yarda. Ban ce ka sa rana ba, ban ce lefe ba. In ta gan ni da idonta sabon gyara ta ce ban yi mata ba, zan yi kuka, zan kai wa Allah, amma dai an gan ni. Ɓoyon ne ba zan ƙara iyawa ba.

In kuma ba za ka iya ba, kar ka wahalar da kanka da dogon bayani, kuma kar ka ja bishiyar ka ɓoye a gareji, duhu ya ishe mu haka. Ka bar ta nan bakin ƙofa inda ka same ta. Kaneng na bi ta unguwarku in za ta coci, in ta gan ta a tukunya bayan Hajiya ta kwana biyu, za ta ɗauko. Mama Constance na da lambu, ta ce tana so. Bishiyar ba za ta mutu ba. Ni ma ba zan mutu ba, ko da yake yadda ƙirjina ke yi yanzu ban isa in rantse ba.

Ba zan kira ba, kamar yadda ka ce. Na ma kashe alamar nan da ke nuna yaushe ka hau Wasap. Na kunna. Na sake kashewa. Kai, ka dai san ni! Amma don Allah kar ka turo min zuciya ja, na ƙoshi da ita. Kar ka turo fure, kar ka turo waƙa. Hoton hannunka nake so, ƙasa a ƙarƙashin farce, laka a jikin agogon nan da ka ce in ɓoye.

Ina sonka, Fatihu. Yau na faɗi sunan ba Yaya ba Injiniya. Ina sonka son da ba ya jiran watan fure, son da ya san ƙanƙara ya san zafi, son ranar Talata da ba biki ba hoto. Zuciyata ba ta taɓa leƙen kowa ba tun ranar da ka shigo jiƙe, kuma ko ka dasa ko ba ka dasa ba, ban ga wanda zai zauna inda ka zauna ba. Addu'ata na tare da kai a kowace sujada, har ranar da gashina zai yi fari kamar furen nan. Amma a ƙasa nake so in so ka, masoyina, a ƙasa, inda saiwa ke tafiya gaba.

Taka da fure, taka ba fure,
Najiba

Af, na manta. Tsohon ya ce ramin ya ninka tukunyar faɗi, a warware saiwar da hannu a hankali, kuma kar a binne mata wuya, a bar ta ta sha iska. Ya ce bana kam ta gama, kar a sa rai. Sai baɗi za ta yi fure, kuma wanda ya zauna ne zai gani.